Sai Ruwan Tanki Ya Yi Sanyi

Khala Mariyamu ta tsoma yatsu biyu a cikin kwanon, ta ɗan jima, sannan ta zare su ta goge a bakin zanenta.

"Da saura," ta ce. "Wannan ruwan ko jariri aka yi wa wanka da shi ba zai yi kuka ba."

Khairiyya ta ɗauke kwanon. Haka suke yi kullum da safe tun da aka shiga watannin da ake ce wa na sanyi. Takan baro ɗakinta a hawa na biyu, ta hau can saman benen inda tsohuwar, wadda kowa ke kira Khala, wato inna da Larabci, ke zaune a wani ɗan ɗaki kusa da tankunan ruwa, ta tari ruwa a famfo, ta kai mata har bakin gado. Tsohuwa ta taɓa, ta ce da saura. Ita kuma ta je ta zubar a gindin tukunyar na'ana'a, ta dawo ta gyara mata filo.

To, wanda bai zauna Jidda ba sai an yi masa bayani. Tankin ruwa a saman gida yake, rana tana dukansa tun safe har magariba. Da zafi, idan ka buɗe famfo ka tara hannu sai ka janye. Shi ya sa Khala Mariyamu ba ruwanta da abin da aka ce a talabijin, ko rigunan sanyin da 'yan kasuwa suka rataya. A wurinta sanyi bai zo ba sai ranar da ruwan tanki ya ciji yatsa da safe. Ranar ce kuma take buɗe kwalbarta.

Kwalbar tana ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon ɗankwali. Babba ce, da can ta zaitun ce. Duk wanda ya daɗe a wannan gida na unguwar Aziziyya ya san abin da ke ciki: zabibi da dabino da busasshen ɓaure, an yayyanka su ƙanana, an haɗa da tuffa da ɓawon lemu da kirfa da kanumfari da sukari, sannan aka gurza kitsen rago a kai. Tun ƙarshen zafi take haɗawa ta rufe, ta bar su su san juna, in ji ta. In sanyi ya zo sai ta kwaɓa fulawa da man shanu, ta yi ƙananan biskit masu ciki, ta gasa, ta aika wa kowace ƙofa a faranti, har da ɗan ƙasar Bangali da ke gadin gidan. Yara suna ce masa ma'amul ɗin Khala, ko da yake ba ma'amul ba ne, biskit ɗin Larabawa mai dabino a ciki.

A Abhur, can gefen Jidda, ta koyo shi. Ita da mijinta Malam Zaharadden sun zo aikin hajji daga Ringim tun tana da sauran ƙarfi, suka zauna ba su koma ba. Shi yana dako a tashar jiragen ruwa har Allah ya karɓi ransa, aka binne shi a nan. Ita tana girki a gidan wani Bature injiniya a bakin teku. Matar Baturen ce take yin wannan biskit idan bikinsu na hunturu ya zo, kuma Khala takan ba da labarin yadda matar ke ɗauko wata kwalba a bayan kabad ta tsiyaya a cikin haɗin, tana waige-waige kamar mai sata. Ita dai da ta tashi yin nata sai ta sa ruwan tsamiya da lemun tsami, kuma ta rantse nata ya fi. Turawan sun daɗe da komawa ƙasarsu. Biskit ɗin ne ya zauna, shi ma ba iƙama, wato takardar izinin zama, in ji ta.

Khairiyya haifaffiyar Jidda ce, tana da takardunta, mijinta Hussaini yana tuƙa motar kaya a ƙarƙashin kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takarda. Khairiyya tana amarya uwarta ta rasu. Da ta haifi 'yarta ta fari, Khala Mariyamu ce ta sauko ta dafa mata ruwan jego, ta dama mata kunun kanwa, tana yi tana mitar cewa 'yan Jidda sun san shawarma ba su san kansu ba. Tun daga nan tsohuwar ta zame mata uwa. Khala kuwa Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba.

Bana ne ciwo ya kwantar da ita. Ƙafafunta suka kumbura har silifa ba ya shiga, in ka danna da yatsa sai wurin ya loɓa ya tsaya. Numfashi ya zama aiki. Ba ta iya kwanciya sosai, sai an tara mata filo ta jingina, a zaune take barci. Khairiyya ta sayo magunguna a kantin magani, ta dafa mata ganyen da aka ce, ba wanda ya yi. Duk wanda ya hau ya duba ta sai ya sauko yana cewa asibiti. Da an ambaci asibiti kuwa sai tsohuwar ta juyar da fuska bango.

Ba allura take tsoro ba. Ta ce tambayar farko da za a yi mata a bakin ƙofa ita ce ina iƙama, kuma in sun gama yi mata magani, to mota ce za ta zo ta kai ta inda ake tara mutane a mayar da su gida. Hussaini ya zauna a bakin ƙofarta ya yi mata bayani da ladabi, ya ce ya san wani ƙaramin asibiti, likitan mutumin kirki ne, ba zai tona kowa ba, shi da kansa zai tsaya mata. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce kowa haka yake cewa kafin a shiga. Ta tambaye shi wa za ta tarar a Ringim. Waɗanda suka san ta duk suna ƙasa, gidan ubanta ma ta ji an ce an rushe an yi shaguna. Ta ce Malam yana nan, ita ma nan take so a ajiye ta, ba a sauke ta a filin jirgi da jaka a hannu kamar baƙuwa ba.

Wata rana da ciwon ya matsa, leɓɓanta suka yi duhu, Khairiyya ta durƙusa tana kuka tana roƙonta. A nan ne tsohuwar ta yi alkawari, a gaban Hussaini. Ta ce su bar ta ta ga bayan kwalbarta. Ranar da ruwan tanki ya yi sanyi aka gasa aka raba wa maƙwabta, washegari su kai ta duk inda suke so.

Sai ga shi bana sanyin ya ƙi zuwa. Iska ta tsaya cak, teku ta turo danshi mai nauyi, na'urorin sanyaya ɗaki suna ta ɗiga a jikin bango kamar tsakiyar zafi. Kullum da safe kwano, kullum da saura. Kullum kuma ƙafafun suna ƙara cika, kumburin ya wuce gwiwa.

Mastura, maƙwabciyar Khairiyya ta ƙofa da ƙofa, mace ce mai faɗin abin da ke ranta. Ta tare ta a matakala ta ce wannan wasa ne ake yi da rai, a kira motar asibiti kawai, shi ke nan, in ta warke ta yi fushin. Khairiyya ta ce ta ji. Ta ma ɗauki wayar a ranar, ta riƙe, ta tuna yadda Khala take sunkuyar da kai ta ja mayafi duk lokacin da motar 'yan sanda ta wuce, ko da kuwa tana can saman bene tana shanya. Ta tuna fuskar da za ta yi in ta ga baƙin maza da kaki sun hawo mata ɗaki. Sai ta ajiye wayar.

Dabarar ta zo mata ne da safe, tana ciro kifin da Hussaini ya sayo a cikin firij. Hannunta ya taɓa ƙanƙara. Ta tsaya tana kallonta. Ba ta shawarci kowa ba, don ta san in ta faɗa da baki ba za ta iya aikatawa ba. Ta ɓalle guntaye ta ƙulle a gefen mayafi, ta hau sama. A bakin famfo ta tari ruwa, ta zuba su, ta tsaya tana juyawa da yatsa har suka narke, ta tsame ɗan abin da ya rage ta jefa bayan tanki. Sannan ta ɗauki kwanon ta shiga ɗakin.

Khala ta tsoma yatsunta. Wannan karon ta daɗe fiye da kullum. Ta ɗago hannun ta kai kusa da fuska kamar za ta shafa, sannan ta dubi Khairiyya, ta dubi hasken da ke shigowa ta ƙofa.

"To," ta ce. "Jawo kwalbar."

Bayan azahar aka fara. Kicin ɗin Khala wata 'yar rumfar kwano ce a gefen ɗakinta, da ƙaramin murhun gas mai tanda a ƙasa. Aka sa mata kujerar roba a bakin ƙofa, aka ɗora ƙafafunta a kan bokiti. Mastura ta hawo taya aiki, tana hawa tana fifita da murfin kwali, tana tambayar wai wane irin sanyi ne wannan da ya zo wa mutum ɗaya a duk Jidda. Khairiyya ta yi kamar ba ta ji ba. Khala ta ce wa Mastura ai mai jiki irin nata ko a cikin firij aka sa ta sai ta yi gumi, ta wanke hannu ta zo ta tankaɗe fulawa.

Da aka buɗe kwalbar, ƙamshin ya tashi ya cika rumfar. Haɗin ya yi baƙi, yana sheƙi, ya kama jikinsa. Khala ta sa aka miƙo mata a bakin cokali ta shinshina, ta gyaɗa kai, ta ce wannan dai bai ci amanarta ba.

Kwaɓin ne ya ba da wahala. Ka'idarsa, da kan yatsu ake murza man shanu a cikin fulawa, ba da tafin hannu ba, don kada ɗumin jiki ya narkar da shi, har sai ya zama kamar tsakin gero. Khala tana faɗa tana tsayawa ta nemi numfashi. Amma rumfar ta ɗauki zafi, kwano yana ƙara a sama, man ya saki tun kafin a je ko'ina. Kwaɓin ya riƙa manne wa yatsu, ya manne wa wata 'yar kwalba da ake murza shi da ita. Khairiyya tana barbaɗa fulawa, gumi yana sauko mata ta cikin ɗankwali. In ta yanka da bakin kofin shayi, kafin ta ɗaga ya saɓule. Mastura ta ce ita dai shekara da shekaru tana cin abin nan ba ta taɓa sanin haka yake wulaƙanta mutane ba. Khala ba ta ce komai game da zafin ba. Sai dai ta ce a rage cikin, rabin cokali ya isa, a danne baki da cokali mai yatsu, a huda sama don ya yi numfashi.

Da tiren farko ya fito, Khairiyya ta ji kamar ta nutse. Na Khala kullum a tsaye suke, masu tudu, fari-fari da ɗan ja a gefe. Waɗannan sun baje sun haɗe da juna, cikin ya tsattsafo ya ƙone a gefe. Ƙamshin dai yana nan, har ya sauka matakala, ana jin yara a ƙasa suna kiran juna da Larabci wai Khala ta gasa. Aka ci gaba a haka har kwalbar ta yi rabi, Khala ta ce ya isa, a rufe sauran. Mastura ta jera a farantai ta sauka rabo.

Suka rage su biyu. La'asar ta yi sanyi-sanyi irin na ƙarya, inuwar tankuna ta miƙe a kan siminti. Khala ta gutsuri ɗan gefen guda ta sa a baki, ta daɗe tana juya shi.

"Gobe in za ki yi wa wani," ta ce a hankali, "ki nemi ƙanƙarar da ba ta kwana da kifi ba. Sanyin Allah ba ya ƙarni."

Khairiyya ta saki tiren da take kankarewa. Ta durƙusa a gaban kujerar ta kifa fuska a cinyar tsohuwar, ta kasa cewa komai sai Khala ki yafe mini.

"Tashi, 'yar nan, kina danne mini ƙafa." Ta ɗora mata hannu a ka. "Tun da kika shigo na ji. Na duba na ga kin rame, idonki ya faɗa. Ni ma kuma na fara tsoron kada sanyin ya zo ya tarar ba na nan, a zubar mini da kwalba a shara. Ki ce wa Hussaini ya zo da motar da safe. Ban taɓa cin alkawari ba, ba zan fara da tsufa ba."

Da safe Khairiyya ta hau ta tarar ta riga ta shirya, Allah kaɗai ya san yadda ta yi. Ta sa abayarta ta zuwa Harami, wadda take ajiyewa a ƙasan akwati. A gefenta ga jaka. Khairiyya ta ce ai ba kwana za a yi ba, dubawa ce kawai a ba da magani, me za a yi da jaka. Ta buɗe don ta rage kaya, sai ta ga ba kayan asibiti ba ne. Zannuwanta ne masu kyau, da carbin Malam, da hularsa, da gwangwanin madara cike da biskit ɗin jiya. Shirin wanda za a sa a jirgi ne. Khairiyya ta mayar da zip ɗin. Tsohuwar ta kwance makullin ɗakin daga bakin zanenta ta miƙa mata, ta ce a riƙa ba na'ana'a ruwa.

Hussaini da mijin Mastura ne suka sauko da ita a kan kujerar roba, hawa bayan hawa, suna hutawa a kowace kwana. Ƙofofi suka buɗe, mata suna leƙowa suna yi mata sannu, suna cewa na bana ma ya yi daɗi. Tana amsawa da kai. A bakin ƙofar gida ta ce su ɗan tsaya, ta ɗaga ido ta kalli saman benen, sannan ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, yadda ta saba in za ta fita titi.

Hussaini ya aro ƙaramar mota a wurin abokinsa. Khairiyya ta zauna da ita a baya. Titi ya cika, ana ta ham, rana ta riga ta yi zafi. Hussaini yana tuƙi yana ba ta labarin likitan don ya kwantar mata da hankali, wai har Hausa yana ji kaɗan-kaɗan. Khala ta riƙe jakarta a cinya da hannu biyu. Can suka tsaya a danja, wata motar sintiri ta zo ta tsaya a gefensu, ɗan sandan yana shan shayi a kofin takarda, ko kallonsu bai yi ba. Khala ta sunkuyar da kai, ta jingina da kafaɗar Khairiyya, ta ɓoye fuska a mayafinta. Khairiyya ta rungumo ta tana ce mata ba komai, yanzu za su wuce.

Aka ba da hannu, motar sintirin ta yi gaba. Khairiyya ta ce mata sun tafi, ta ɗago. Ba ta ɗago ba. Nauyinta ne kawai ya ƙaru a kafaɗa, hannun da ke riƙe da jakar ya sassauta.

"Hussaini," Khairiyya ta ce. "Ka daina sauri."

Ya dube ta ta madubi, ya gane, ya yi salati a hankali. Duk da haka asibitin suka ƙarasa, don ba inda za su nufa kuma. Likitan ya fito har wurin motar ya duba, ya yi musu ta'aziyya. Mutumin kirki ne, kamar yadda aka faɗa.

Maganar takardu ta ɗauki lokaci, Hussaini da dattawan unguwa suka yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan. A ƙarshe dai aka ba da ita, aka sallace ta, aka binne ta a Jidda. Mata suka zauna karɓar gaisuwa a falon Khairiyya. Kowa ya shigo sai ya ce Allah ya cika mata burinta, ta kwanta a ƙasar da take so. Mastura ta ce da an kai ta tun da wuri da wataƙila tana nan, wata kuma ta ce da an bar ta a ɗakinta da ba ta mutu a titi ba. Khairiyya tana zuba gahawa tana jin su duka. Da aka rasa abin da za a ba baƙi, sai ta buɗe jakar ta ɗauko gwangwanin madarar, aka ci.

Mai gidan ya aiko cewa a kwashe kayan ɗakin, akwai mai so. Khairiyya ta yi ta ɗaga ranar, har wata safiya ta ɗauki makullin ta hau. Da ta buɗe ƙofar saman sai iska ta bugi fuskarta, ta ja mayafi ta rufe ƙirji. Sama ta yi fari, tattabaru sun takure a kan tankuna. Ɗakin yana nan yadda aka bar shi, filo a tare a jikin bango da shaidar bayan mutum a jiki. Ta durƙusa ta jawo kwalbar daga ƙarƙashin gado, rabi, naɗe da ɗankwalinta, ta ajiye a bakin ƙofa. A rumfa ta tarar da tiren ranar nan, ba wanda ya wanke, baƙin sukari ya bushe a jiki. Na'ana'a ta yi yaushi.

Ta ɗauki kwanon nan ta kai bakin famfo don ta ba ta ruwa. Ta murɗa, ta tara hannu.

Ruwan ya cije ta har cikin ƙashi.

Ba ta janye ba. Ta tsaya a sunkuye, kwanon ya cika ya tumbatsa, ruwa yana bin siminti yana wucewa ta gefen kwalbar, yatsunta biyu suna ciki.